Babi na Bakwai: Ba Kowace Zuciya Ce Ke Ɗaukar Tono Ba

Wanda ya taɓa zaman layin ganin likita a Asibitin Murtala, nan bakin Ƙofar Mata, ko a sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya san irin koken da mutanen cikin gari suke kawowa. Tsakar kai tana zafi. Wani abu yana yawo a jiki, yau a ƙeya, gobe a gadon baya. Gaba yana faɗuwa ba gaira ba dalili. Barci ya ƙaurace, har a yi kiran assalatu ido biyu. An auna jini, an duba zazzaɓin cizon sauro da taifot, an gwada hawan jini da suga, takarda ta fito fes. An sha rubutu, an yi hayaƙi, wasu an yi musu ruƙiyya. Cikin masu wannan koke akwai waɗanda ciwonsu na jiki ne da ba a gano ba tukuna, kuma wajibi ne a ci gaba da bincike. Amma akwai da dama da ciwon ya samo tushe daga zaman duniya: aure, rashi, bashi, gori, wani abu da aka haɗiye shekara da shekaru.

Irin waɗannan ne ake yi wa jinya da magana. Jinyar magana iri-iri ce. Wadda muke kanta a nan ita ce mai bin tushe, wadda ta samo asali daga aikin Sigmund Freud a birnin Biyenna na ƙasar Ostiriya. Ginshiƙinta shi ne mutum yakan binne abin da ya fi ƙarfin zuciyarsa, abin kuwa ba ya mutuwa, sai ya riƙa ɓullowa ta wata kafa: ta jiki, ta mafarki, ko ta yadda mutum yake maimaita rigima iri ɗaya da mutane daban-daban. Likitan da ya koyi wannan aiki yana da hanya biyu. Ta farko tono ce, wato ya yi wa mara lafiya fashin baƙin abin da yake yi bai sani ba. Zai iya ce masa, "Malam, na lura duk sanda muka zo kan maganar yayanka sai ka koma zancen ciwon kai." Ta biyu tallafi ce: ya yaba masa inda ya yi ƙoƙari, ya ba shi shawara, ya ƙarfafa masa gwiwa, su haɗu su warware matsalar yau, a bar abin da ke ƙasa ya kwanta.

Mafi zafi a cikin tono shi ne wanda ya shafi likitan kansa. Mara lafiya yakan ɗauko fuskar wani babba a rayuwarsa, uba ko miji ko malamin allo, ya ɗora wa likita, ya riƙa jin tsoronsa ko neman yardarsa ko jin haushinsa yadda yake yi da wancan. Za mu kira wannan aron fuska. Almajiran Freud sun daɗe suna ganin cewa nuna wa mara lafiya wannan aro, a daidai lokacin da yake yin sa, shi ne ƙololuwar aikin. Tambayar da ta ɗauke su shekaru ita ce: wa wannan yake warkarwa, wa kuma yake ƙara wa ciwo?

Freud ya ba da tasa amsa da wuri. A watan Disamba na 1904 ya yi lacca a gaban likitocin Biyenna, aka buga ta a 1905, ya zayyana wanda ya dace da hanyarsa. Sai mai ilimi daidai gwargwado, mai halin da za a dogara da shi. Kada ya kusanci shekara 50, domin a ganinsa tunanin wanda ya kai nan ya riga ya sandare. Sannan ya zama ciwonsa ne ya kawo shi da ƙafarsa, ba dangi ne suka tilasta masa ba. A ɗauki wannan ma'auni a shiga da shi Yakasai ko Mandawari ko Zage, a ga mutum nawa zai rage. A cikin gari da wuya mutum ya tafi asibitin ƙwaƙwalwa shi kaɗai. Yaya ne zai kawo ƙanwarsa, uwa ce za ta kawo ɗanta, kuma wanda ya kawo shi ne zai fara ba da bayani, mai ciwon yana gefe kansa a sunkuye. A 1964 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, William Schofield, ya yi ƙorafin cewa masu jinyar magana sun fi son matashi, mai kyan gani, mai iya zance, mai kaifin basira, wanda ya samu a rayuwa. Abin takaicin shi ne waɗannan su ne duniya ta riga ta ba madogara. Ni dai ban yarda da wannan tankaɗe ba, kuma binciken da aka yi daga baya ya ba ni hujja.

Babban gwaji na farko an fara shi ne a 1954 a asibitin Menninger da ke Topeka, jihar Kansas. An bi mutum 42 shekaru masu yawa, 22 ana yi musu tono mai zurfi irin na Freud, 20 kuma ana yi musu jinyar da ta haɗa tono da tallafi. Robert Wallerstein ya tattara sakamakon a littafin da ya fitar a 1986. Abu biyu suka fito da suka girgiza masu wannan sana'a. Tallafi, wanda ake yi wa kallon aikin wucin gadi, ya kawo sauyi mai ɗorewa fiye da yadda aka zata, har ma a cikin jinyar da aka fara da sunan tono likitoci sun riƙa komawa gare shi. Sannan waɗanda aka jefa cikin tono mai zurfi don ganin babu wata dabara da ta rage, masu shaye-shaye da masu mugun zargi, yawancinsu ba su ji da daɗi ba. Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye. Tun kafin gwamnatin tarayya ta hana kodin na ruwa a 2018, iyaye a Kano suke kai samari da 'yan mata asibitin Dawanau saboda shaye-shaye. Yaron da jikinsa ke karkarwa don neman abin da ya saba sha ba ya cikin halin da za a tona masa abin da ke tsakaninsa da mahaifinsa. Haka wanda yake jin muryoyi, ko wanda yake tunanin kashe kansa: magani da kulawa ta kusa su ne farko.

Menninger ta nuna cewa halin mai ciwo yana da tasiri, amma ba ta rarrabe wane hali ba dalla-dalla. Wannan aiki William Piper da abokansa ne suka yi shi a Edmonton ta ƙasar Kanada. Sun auna abu biyu kafin a fara jinya. Na farko, basirar karanta zuciya: sukan nuna wa mutum bidiyon wata mai ba likita labarinta, su tambaye shi me yake ganin yana damunta, su ga ko zai iya haɗa abin da take ji da abin da take ɓoye wa kanta. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, shi ne ingancin zaman mutum da mutane tun daga ƙuruciya. Ana zama da shi a yi hira mai tsawo, a ji yadda ya zauna da iyaye, da abokai, da abokin aure, da na gaba da shi a wurin aiki. A can ƙasan ma'aunin akwai wanda rabuwa kaɗan take rusa shi, yau ya ɗaga mutum sama gobe ya yi jifa da shi. A can sama akwai wanda yake iya son mutum tare da sanin aibinsa, ya yi saɓani da shi zumunci bai yanke ba, ya yi rashi ya yi baƙin ciki ya kuma miƙe.

A binciken da suka buga a 1998, mutum 144 sun kammala zama 20, sau ɗaya a mako, wasu ta hanyar tono, wasu ta hanyar tallafi, kuma ƙuri'a ce ta raba su. Da aka haɗa kowa da kowa, hanyoyin biyu sun zo kusan kunnen doki. Da aka duba mutum-mutum sai bambanci ya fito. A ɓangaren tono, gwargwadon ingancin zaman mutum da mutane gwargwadon sauƙin da ya samu. A ɓangaren tallafi wannan ma'auni bai yi wani tasiri ba, kowa ya ɗan samu rabonsa. Basirar karanta zuciya kuwa ta taimaka a duka biyun. Akwai kuma wani adadi da bai kamata a tsallake ba: kashi 23 cikin ɗari na masu tono sun daina zuwa kafin a gama, a tallafi kuwa kashi 6 ne kawai.

Piper bai bar waɗanda suka gudu ba. Ya koma ya saurari zamansu na ƙarshe da aka naɗa, ya ga abu iri ɗaya yana maimaituwa. Mara lafiya ya nuna bai gamsu ba. Likita ya fassara masa rashin gamsuwar da cewa aron fuska ne. Mara lafiya ya ƙi. Likita ya nace. Aka shiga ja-in-ja, aka tashi a kan zai dawo, bai sake dawowa ba. Ina so mai karatu ya kawo wannan cikin ɗakin likita a Kano. A nan ba za a ma kai ga ja-in-ja ba. Dattijuwar da likita ya ce wa, "Hajiya, anya ba haushina kike ji ba, yadda kike jin haushin Alhaji idan ya ƙi sauraronki?" za ta gyara mayafi ta ce, "Haba likita, ni wa? Allah ya saka da alheri." Za ta karɓi katinta, ta yi godiya har ƙasa, kuma an rabu ke nan. Likitan da bai san mutanensa ba zai rubuta cewa zaman ya yi kyau.

Inda aikin yake da wuya a wurinmu shi ne karanta wancan ma'auni na zaman mutum da mutane, domin a Kanada aka yanka shi, a kan gidan mata ɗaya da miji ɗaya da 'ya'yan da suka tashi a hannun waɗanda suka haife su. A ce ga wata mata daga Koki. An yaye ta a ɗakin kakarta. Tana shekara shida aka ba gwaggonta riƙonta. Ita ce 'yar fari, don haka mahaifiyarta ba ta kiran sunanta, ba ta wasa da ita a gaban mutane. Aurenta uku, biyu sun mutu. Wanda ya ɗauki ma'aunin Edmonton yadda yake zai ga rabuwa a kan rabuwa, uwa mai sanyi, aure mara ɗorewa, ya ajiye ta a ƙasa. Alhali kuwa riƙo a wurinmu sau da yawa karamci ne da ƙulla zumunci, alkunyar ɗan fari ba ƙiyayya ba ce, kuma saki ba a hannun mace yake ba. Yawan mutuwar aure a Kano sananne ne, shi ya sa gwamnatin jiha da Hisbah suka fara auren zawarawa a 2012. Abin da ya kamata a tambayi matar nan daban ne. Tana da aminiya? Shekara nawa suna tare? Sun taɓa ɓatawa, kuma wa ya fara zuwa biko? Yaya take da 'ya'yan tsohuwar kishiyarta? An taɓa ba ta riƙon kuɗin adashi? Idan ta ce ƙawarta ta tun makarantar allo har yau ita ce uwar ɗakin sirrinta, sun yi faɗa a kan bikin 'ya sun shirya, to wannan mace tana da ginshiƙin da zai ɗauki tono, ko da ba ta taɓa shiga ajin boko ba.

A juya kuma. Ga wani attajiri a Kurmi, zaurensa ba ya rabuwa da jama'a, majalisarsa ta bayan la'asar ta fi shekara talatin, aurensa na fari yana nan. A ido ya cika ma'auni. A zauna da shi sai a tarar duk wanda ke kusa da shi yaronsa ne ko mai cin arzikinsa, duk wanda ya taɓa musa masa ya sallame shi, da ɗan'uwansa da suke uba ɗaya ba sa ga maciji tun rabon gado, kuma babu mahaluƙi ɗaya da ya taɓa gaya wa yana jin tsoro. Cikar gida a cikin gari tana iya rufe kaɗaici mai tsanani, domin al'ada tana tilasta gaisuwa da zumunci ko zuciya ba ta so. Wannan bawan Allah, ranar da likita ya fara nuna masa yadda yake ƙoƙarin juya zaman yadda yake juya yaransa, ranar zai ji an ci masa mutunci.

Akwai kuma tambayar inda rikicin yake kwance. Freud ya sa ido a kan ɗa da uba. A asibitin Fann da ke Dakar, inda Henri Collomb ya jagoranci aiki tun daga 1959, Marie-Cécile Ortigues da mijinta Edmond sun yi shekaru suna sauraron yara da iyalansu, suka fitar da littafi a 1966. Abin da suka lura shi ne a can uba ya yi girman da ba a ja da shi ko a zuci, don haka gasar takan koma kan 'yan'uwa da tsara. Bakano ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan, ya san 'yan ubanci. Likitan da ya dage sai ya ji mutum ya faɗi laifin mahaifinsa zai gamu da bango, kuma bangon na tarbiyya ne da tsoron Allah. Da ya tambayi yadda ake raba nama a gidan, ɗakin wa aka fi shiga, ɗan wa aka kai Makka, da ƙofa ta buɗe da kanta.

Da a ce labarin ya tsaya a Edmonton, da sai mu ce an gama: mai ƙarfi a tona masa, mai rauni a lallashe shi. Sai ga Per Høglend da abokansa a Oslo ta ƙasar Norwe. Sun ɗauki mutum 100, suka raba su biyu da ƙuri'a, kowa ya yi shekara guda yana zuwa sau ɗaya a mako. Duka ɓangarorin an yi musu jinya mai bin tushe, bambancin ɗaya ne tak: a ɓangare guda likita yana taɓo abin da ke gudana tsakaninsa da mara lafiya, a ɗayan ba ya taɓowa. Su kansu masu binciken sun zaci masu ingantaccen zama da mutane ne za su fi amfana. Sakamakon da aka buga a 2006 ya zo akasin haka. Masu ingantaccen zama sun samu sauƙi ko an taɓo ko ba a taɓo ba. Waɗanda rayuwarsu ta cika da ɓatawa da yankewar zumunci su ne maganar aron fuska ta fi yi wa amfani, kuma da aka sake duba su shekara uku bayan an gama, amfanin yana nan.

Wannan sakamako yana da ma'ana in aka yi tunani. Mai aminai na ƙwarai yana da wuraren da zai ga kansa, ana gaya masa gaskiya a gida da waje. Wanda kowa ya gudu ya bar shi ba shi da inda zai ga yadda yake korar mutane sai a ɗakin likita, wurin mutum ɗaya da ya ga halin kuma bai tashi ya tafi ba. Amma a lura da yadda aka yi a Oslo. An ba da shekara guda, ba mako 20 ba. Kuma an taƙaita: sau ɗaya zuwa uku a zama, ba a wuce ba. Piper kansa ya riga ya gano tun 1991 cewa yawan wannan fashin baƙi yana raunana amanar da ke tsakanin likita da mara lafiya, har a wurin masu ƙarfin. Masu rini a karofin Ƙofar Mata sun san irin wannan: ba a danna zane cikin baba a bar shi, tsomawa ake yi a ɗaga ya sha iska, a sake tsomawa, kuma a shan iskar ne launin yake kamawa. Don haka abin da halin mara lafiya yake faɗa wa likita ya wuce a tona ko kada a tona. Yana faɗa masa yaushe, sau nawa, da kuma tsawon lokacin da zai iya alkawarin zama da mutumin bayan ya taɓo masa gyambo. Likitan da ya san wata uku kawai yake da shi, ko za a yi masa canjin wurin aiki, bai kamata ya buɗe abin da ba zai tsaya ya rufe ba.

Batun namiji da mace ba shi da tabbas irin wannan. A Edmonton maza sun fi samun sauƙi da tono, mata da tallafi. A Oslo mata ne suka fi amfana da maganar aron fuska. Wanda ya gina hukunci a kan jinsi kaɗai ya gina a kan rairayi.

Abin da ya fi jinsi amfani shi ne rabon da Sidney Blatt na Jami'ar Yale ya yi. Ya ce masu ciwon damuwa kashi biyu ne. Akwai wanda ciwonsa na tsoron a bar shi ne, kullum yana neman a kula da shi. Akwai kuma wanda ciwonsa na ganin gazawar kansa ne, mai tsananta wa kansa, wanda ba ya yafe wa kansa kuskure. Da Blatt ya sake duba bayanan Menninger a 1992, ya ga kashin farko sun fi samun sauƙi a jinyar gaba da gaba mai ɗumi, na biyu kuma a tono mai tsawo. A wani babban binciken ciwon damuwa na Amurka, mai mako 16, ya ga masu neman kamala a komai sun fi kowa ƙarancin samun sauƙi, ko da wace hanya aka bi da su. Wannan kashi na biyu muna da su da yawa kuma ba ma gane su, saboda halinsu abin yabo ne a gari. Shi ne mahaddacin da ya sake alwala sau biyar yana shakka. Ita ce uwargidan da ba a taɓa jin kanta ba, wadda ake kafa misali da haƙurinta. In ka ce mata, "Yaya, kin yi ƙoƙari," ba ya shiga, don a ranta tana cewa da ka san ni da ba ka faɗa ba. Yabo da lallashi, waɗanda su ne jarin tallafi, suna zamewa a kanta. Tana buƙatar wanda zai zauna da ita tsawon lokaci har ta yarda ta nuna masa abin da take ganin aibi ne, ta ga bai canza mata fuska ba.

Nan ne kunya da kawaici suke shigowa, kuma nan ne na fi jin tsoron likitan da ya haddace littafi bai haddace garinsu ba. An tarbiyyantar da mu a kan cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Rufin asiri addu'a ce da muke yi wa juna kullum. Mace ba ta kallon idon namijin da ba muharraminta ba, yaro ba ya kallon idon babba. A littattafan tono, shiru da kau da kai da kewaye-kewaye alamun turjiya ne da ake so a fassara. A Soron Ɗinki ladabi ne. Haka kuma wanda ya kawo ciwonsa da harshen jiki. Peter Sifneos na Boston ya bayyana wasu mutane a 1973 da ba sa iya sa wa abin da suke ji suna, kuma irinsu ba sa jin daɗin tono. Amma kuskure ne babba a jefa duk mai cewa abu yana yawo a kansa cikin wannan kashi. Peter Ebigbo a Inugu ya yi shekaru yana nuna cewa waɗannan koke-koke na jiki hanya ce da 'yan Nijeriya suke faɗin damuwarsu. Matar da ta ce zuciyarta tana tafasa, in aka tambaye ta tun yaushe, sau da yawa za ta ce tun ranar da aka kawo lefen amarya. Ta san haɗin sarai. Abin da take aunawa shi ne ko wannan likita wurin ajiye magana ne. Hanyar gane mai basirar karanta zuciya a nan ita ce a ba shi labarin wani, yadda Piper ya yi da bidiyo. Ka ce, "Baba, wata mata ce aka yi wa kaza da kaza, sai ta kasa barci, me kike gani?" Mutanenmu gwanaye ne a fashin baƙin zuciyar maƙwabci, kuma ta bakin wata matar mace takan faɗi nata.

Makoki ma haka. Piper ya gwada hanyoyin nan biyu a kan waɗanda baƙin cikin rashi ya ƙi sakinsu, a rukuni-rukuni na mako 12, ya buga a 2001. Masu ingantaccen zama da mutane sun fi samun sauƙi da tono, masu rauni a nan kuma sun fi samu da tallafi. Kano ta san rashi na farat ɗaya. Harin da aka kai babban masallacin Juma'a na kusa da gidan Sarki ran 28 ga Nuwamba 2014 ya ci fiye da mutum 100, kuma kowannensu ya bar gida. Al'adarmu da addininmu sun tanadi tallafi mai ƙarfi: zaman makoki, gaisuwa, sadaka, takaba ta wata huɗu da kwana goma, da kalmar haƙuri da kowa zai kawo. Ga mafi yawan mutane wannan ya wadatar, kuma likita ba shi da abin da zai ƙara. Wadda takan maƙale ita ce wadda zamanta da mamacin ya haɗa so da ƙunci, ta fita takaba da wani sauƙi a ranta da take jin kunyar sa, ko wani fushi da ba ta da damar faɗa tunda ba a ambaton mamaci sai da alheri. In tana da ginshiƙi, a hankali za a iya taimaka mata ta riƙe biyun tare, cewa ta so shi kuma ya ɓata mata. In ba ta da shi, gara a taimaka mata da kuɗin makarantar yara da rigimar gado da yadda za ta koma sana'arta, a bar wancan sai ƙafarta ta tsaya.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba ga mutum fiye da miliyan 200, don haka jinya ta shekara guda irin ta Oslo abu ne da ƙalilan za su samu. Amma tono da tallafi suna faruwa a kowane zama na minti goma, a bakin likita da nas da ma'aikacin lafiya na unguwa, har da malamin da ake kai wa ƙara a soro, ko sun san sunan abin da suke yi ko ba su sani ba. Hirar da ake yi a Edmonton a zama ɗaya ana iya raba ta a zuwa uku, a riƙa rubuta amsoshin a kati: wa ya riƙe ka, wa kake gaya wa damuwarka, da wa ka taɓa ɓatawa kuka shirya.

Sai ɗan rakiya. Freud ya ɗauke shi cikas. Thomas Adeoye Lambo, da ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abekuta a 1954, ya sa sharaɗi ne cewa mara lafiya ya zo da ɗan'uwansa su zauna tare, kuma Fann ma ta bi irin wannan hanya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta yi tanadin sirrin mara lafiya da neman yardarsa. Dole a haɗa biyun. A saurari Yayan da ya kawo ƙanwarsa da farko, a girmama shi, domin shi ne zai sayi magani kuma shi ne zai dawo da ita. Daga bakinsa za a ji rabin tarihin zamanta da mutane, daga yadda take zama a gabansa a ga sauran. Sannan a ce, "Yaya, don Allah ɗan ba mu wuri kaɗan," nas mace ta zauna a ɗakin, a tambaye ta ko akwai abin da take so a sani wanda ba a faɗa ba, kuma a gaya mata tun kafin ta buɗe baki abin da zai tsaya a ɗakin da abin da dole a sanar da gida in ranta yana cikin haɗari.